Noti Huɗu da Ban Wanke Ba

Daga Allah muka zo, kuma komai daɗewarmu gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran tsohon shugaban makanikanmu na kamfanin niƙa, wanda babba da yaro suka sani da Ɗigo Biyu. Ya yi jinyar mako uku, ya bar duniya yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina kwance a ƙarƙashin inji da sifana a hannu babbar 'yarsa ta kira ni. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na daɗe a kwance a wurin ina kallon cikin injin, har abokan aiki suka zaci wani abu ne ya faɗo mini.

Yaya, haka na saba kiranka ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba, kuma haka zan kira ka a nan. An yi jana'izarka bayan azahar, an cika maƙil. Na ga direbobi, na ga teloli, na ga masu injin ban ruwa da suka baro gonakinsu, na ga tsofaffin ma'aikatan kamfani da na ɗauka sun daɗe da barin gari. Mutum ɗaya ne na yi ta dubawa ban gani ba, na kuma san ba zai zo ba. Shi ne mai ɗinkin buhun nan da ƙarfe ya ragargaza wa ƙafa a ɗakin tankaɗe shekara ashirin da biyu da suka wuce. Duk shekarun nan yana ganin kai ka nakasa shi. Ba kai ba ne, ni ne, kuma ban taɓa buɗe baki na faɗa ba. Saboda wannan nake rubutun nan, amma bari in fara da kai, don ka fi laifina girma.

Sunan Ɗigo Biyu ya samo asali ne daga wani gwangwanin biskit da ba ka rabuwa da shi. A ciki akwai 'yan kwalabe uku na gam ɗin noti, shuɗi da ja da kore, da buroshin waya, da tsumma mai tsabta, da ɗan gwangwanin fenti fari. Gam ɗin noti ruwa ne da ake ɗigawa a zaren noti, wato tsagin nan da ya murɗe a jikinsa, kafin a ɗaure. In ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska sai ya daskare, ya hana girgizar inji ta kwance ɗaurin. Duk makaniken da ka ga yana malala shi kamar mai zuba miya, sai ka riƙe masa hannu ka ce ɗigo biyu ya isa, sauran ɓarna ce. Ka faɗa, ka faɗa, har maganar ta zama sunanka. Ni kuwa ka laƙaba mini Malam Sauri, don ko shayi ba na jira ya huce. Ban yi fushi ba, gaskiya ka faɗa.

Na zo kamfanin da takardata ta makarantar koyon sana'a da shekara shida ina aiki, ina jin babu abin da ya rage a koya mini. A makon farko ka sa na kwance wani noti sau uku. Ka ce in fara tambayar kaina kafin in taɓa kwalba: wannan ɗaurin za a sake buɗe shi ko ba za a buɗe ba? In wurin da ake buɗewa ne don gyara, shuɗi za a sa, domin yana riƙewa amma sifana na iya karya shi. Ja kuwa na wurin da aka ɗaure ke nan har abada, ba ya sakin ƙarfe sai an gasa shi da wuta. Kore tsinkakke ne, na notin da aka riga aka ɗaure ba a son a kwance, ana ɗiga shi a gefe ya tsiyaya ciki da kansa. Ka ce kada in kusantar da ko ɗaya ga roba, don yana cin ta ta tsattsage. Kuma a kan abu biyu ba ka sassautawa ko da wa ya roƙe ka. A wanke zaren tas, kada a bar ko ƙyallin baƙin mai, domin gam ba ya kama mai. Sannan a bar shi ya kwana ya wuni kafin a tayar da inji.

Ja ne ya fi ba ka haushi a hannun wanda bai san shi ba. Na tuna ranar da wani mai babur ya turo mashin ɗinsa bakin ƙofar kamfani a lokacin hutun rana, idonsa ya yi ja. Wani makanike ya danƙara masa jan gam a 'yan ƙananan sukurorin murfin inji, yanzu ga gyara ya taso, an yi ta murɗawa har kawunan biyu daga cikinsu suka cinye. Ka bar abincinka a buɗe, ka zauna a ƙasa kusan awa biyu kana ɗumama kowane sukuru da 'yar wuta, kana lallaɓa shi kamar mai cire wa yaro ƙaya. Da ka gama ba ka zagi wancan makaniken ba. Ka dai ce mutumin ya ɗaure kamar shi ne na ƙarshe da zai taɓa mashin ɗin a duniya. A wurinka duk ɗaurin da za ka yi, akwai wani hannu da zai zo bayanka, kuma hannun nan yana da haƙƙi a kanka ko ba ka san mai shi ba.

Kana da dariya, ko da yake ba kowa ya san haka ba. Lokacin da aka kawo sabon mai kula da sito, ya buɗe kwalin gam ya ga kowace kwalba rabi ce, ya taho a fusace zai rubuta ƙorafi cewa an cuce mu. Har ya fara juye kwalba biyu a ɗaya don a cika. Ka bar shi ya gama kumfar baki, sannan ka gaya masa cewa iskar da ke cikin kwalbar ita ke hana gam ɗin daskarewa, in ya cika ta ya toshe, nan da kwanaki zai tarar da dutse. Ka yi ta tsokanarsa da Mai Cika Kwalba har ya yi ritaya, shi ma yana amsawa.

Sai fentin nan fari. Duk notin da ka wanke, ka sa wa gam, ka ɗaure, ka jira ya kwana, sai ka ɗiga masa fari a ka. Ba doka ce ta kamfani ba, taka ce. Amma kowa a ɗakin injuna ya san in ya ga farin ɗigo, ba sai ya sake dubawa ba. Leburori ma sun sani. Na sha jin suna cewa inda Ɗigo Biyu ya sa fari, kana iya shimfiɗa tabarma ka yi barci a ƙarƙashi.

Injin tankaɗe shi ne mafi mugun hali a kamfanin. Babbar rariya ce ta ƙarfe da ke girgiza tun safe har a tashi aiki, kuma abin da ke girgiza ta wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi da ke juyawa a gefenta, ɗaure da noti huɗu. Wata Litinin ka kwance dunƙulen don a canza abin da ya ci a ciki. Kana tsakiyar aikin aka aiko cewa mahaifiyarka ta faɗi an kai ta asibiti. Ka miƙo mini gwangwaninka, abin da ban taɓa ganin ka ba kowa ba, ka ce in ƙarasa, in wanke ramukan notocin da kyau domin baƙin mai ya riga ya tsiyaya ciki, kuma kada a tayar da injin sai gobe war haka.

Sinadarin wanke baƙin mai da ke ɗakinmu ya ƙare, sito kuma yana can ƙarshen kamfani, mai sito ya fita. Manaja ya leƙo sau uku yana cewa motoci na jiran gari. Ba zan jingina masa laifi ba, don bai riƙe mini hannu ba. Na goge notocin da tsumma sama-sama, ramukan kuwa ban ko leƙa su ba. Na malala shuɗi da yawa, ina ce wa raina yawan zai maye gurbin wanki, alhali na san ƙarya nake. Na ɗaure da ƙarfina duka. Bayan awa ɗaya na tayar da inji, ya yi ta girgiza lafiya lau, manaja ya buga mini kafaɗa. Kafin in tashi na buɗe ɗan gwangwanin fentinka, na ɗiga fari a kan notin nan huɗu. Wannan ɗigon shi ne abin da har yau ba na iya tunawa ban ji kunyar kaina ba. Da ban sa shi ba, da ka dawo ka duba.

Ka dawo ranar Alhamis, ka zagaya injin, ka ga fari, ka wuce. Kwana goma sha ɗaya bayan aikina, da safe, noti uku suka kwance, na huɗu ya tsinke. Dunƙulen ya tashi ya ratsa ragar kariya, ya sami mai ɗinkin buhu yana tsaye a wurin aikinsa da buhu tsakanin ƙafafunsa. Likitoci sun ceci ƙafar, amma ba ta ƙara miƙewa ba. A lokacin shekararsa talatin da huɗu, da 'ya'ya uku.

An tara mu a ofis, aka ajiye notocin a kan tebur. Ka ɗauki ɗaya, ka sa farce a zarensa, gam ɗin ya fito danƙo-danƙo, baƙi, haɗe da mai. Ka daɗe kana kallon farcenka. Ina tsaye a bayanka, ina jiran ka juyo. Ba ka juyo ba. Aka tambaye ka alamar wa ce a kan notin, ka ce:

"Alamata ce, sashena ne. Ku rubuta sunana."

Aka sallame ka a ƙarshen mako. Bayan wata biyu aka ba ni kujerarka, na karɓa. A lokacin matata ta haifi tagwaye, mahaifina yana kwance, kuma na yi ta lissafa wa kaina waɗannan dalilai kamar su ne za su wanke ni. Tsoro ne kawai, Yaya. Na ji tsoron kora, na ji tsoron 'yan sanda, na ji tsoron idon mutane, sai na bar maka duka.

Ka buɗe 'yar rumfa a bakin titi kana gyaran janareto da keken ɗinki da injin ban ruwa. Shekarun farko sun yi maka wuya. Waɗanda jiya suke rantsuwa da farin ɗigonka suka koma cewa ashe ɗigo biyun ma ba ya riƙewa, wasu har a gabana, ni kuma in sunkuyar da kai in yi kamar ina neman wani abu a aljihu. Ba ka daina sa fari ba. A hankali aikinka ya dawo maka da mutane, don keken ɗinkin da ya fito daga hannunka ba ya zubar da sukuru a ƙarƙashin tebur. Matan da mazansu suka rasu suna kawo maka kekunansu ka gyara ka ce su je kawai. Tsofaffi suna kawo tabarau da ƙafarsa ta yi lako-lako, ka tsoma bakin allura a gam ka taɓa ɗan sukurun, kana kaffa-kaffa kada ya taɓa roba, ka ce a dawo gobe a karɓa. Ko tabarau ne sai ya kwana.

Mai ɗinkin buhu kuwa bai ƙara yi maka magana ba. Ya koma bakin kasuwa yana ɗinke tsofaffin buhuna, kuma in ya hango ka sai ya ja ƙafarsa ya tsallaka titi. Ka ƙera masa ƙarfen tallafar ƙafa da hannunka, ka yi mako biyu kana gyara ma'auninsa da ido, ka aika masa. Washegari ka tarar da shi an jefar a ƙofar rumfarka. Ka ɗauka ka rataye a bango, yana nan har yau.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ka canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Da mahaifina ya rasu kai ne ka fara isowa. In inji ya gagare ni a kamfani, nakan zo rumfarka in yi ta kewaye-kewaye, ka gane, ka zana mini maganin a bayan kwali. Sau uku na zo da niyyar in faɗa. Na farko na tarar da mutane. Na biyu na ce, "Yaya, maganar injin tankaɗe," sai ka miƙo mini sifana ka ce in riƙe maka nan, na riƙe, na kuma ji daɗin da ka katse ni. Na uku a asibiti ne, kwana biyar kafin rasuwarka. Ka tambaye ni tagwaye, ka tsokane ni cewa har furfura ta kama ni ban daina sauri ba. Na ce zan dawo jibi mu yi magana. Mutumin da ya yi gaggawa a komai na rayuwarsa, a wannan abu ɗaya ya yi jinkirin shekara ashirin da biyu.

Kwana biyu bayan an binne ka na je gidanka, na roƙi uwar 'ya'yanka ta ba ni minti biyar, babbar 'yarku tana zaune. Na faɗi komai, ban rage ba. 'Yarka ta tashi ta fita tana kuka. Ita kuwa uwar ba ta ko motsa ba. Ta ce ka gaya mata tun a makon da abin ya faru. Ka ce mata kai ka bar aiki rabi a hannun wanda ka san yana da gaggawa, kai ka ba shi fentinka, kai kuma ka ga fari ka wuce ba ka sa sifana ba, don haka rabon laifinka ba kaɗan ba ne. Ka ce kai tsohon ma'aikaci ne, iyakarta kora, ni kuwa za a iya ɗaure ni. Ka hana ta faɗa wa kowa, har 'ya'yanku. Ta ce ta yi shekaru ba ta son jin sallamata a ƙofar gida, tana dafa mini abinci ne don kai.

"Na daɗe da hucewa, Malam Sauri," in ji ta, "amma ba don halinka ba. Kuma ba nan ya kamata ka kawo maganar ba. Rashin aiki bai taɓa hana shi cin abinci ba. Ranar da mai ɗinkin buhun nan ya tsallake masa titi ce yake dawowa ya ture kwano."

Da safe na tafi bakin kasuwa. Na same shi zaune a kan benci tsakanin tarin buhuna, ƙafar a miƙe gefe guda, yana ɗinki da basilla. Ya gane ni, ya amsa gaisuwata da fara'a, har ya matsa mini wuri, don a wurinsa ni mutumin kirki ne da ya gaji kujerar mai sakaci. Ban zauna ba. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa yadda na goge da tsumma, yadda na tayar da inji bayan awa ɗaya, yadda na sa alamar da ba tawa ba. Ya ci gaba da ɗinki har na kai wurin fentin, sannan hannunsa ya tsaya.

Da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Ka san abin da nake faɗa a kan mutumin nan bayan kowace salla? Shekara ashirin da biyu ina ce masa Allah Ya isa. Ranar da aka ce ya mutu ma na faɗa. Ƙafa ka karya mini, na saba da ita. Wannan fa, ina zan kai shi?"

Ya soke basillar a buhu, ya jawo sandarsa, ya ce in kai shi gidanka. Na ce bari in tare abin hawa, ya ce da ƙafa za shi. Muka tafi, yana gaba ina baya, tafiyar da nake yi a minti goma ta ɗauke mu fiye da rabin awa. A ƙofar gidanka akwai masu gaisuwa da yawa, wasunsu tsofaffin 'yan kamfani. Bai zauna ba. Ya tsaya a kan sandarsa ya faɗa da ƙarfi yadda na ciki za su ji, cewa ya zalunce ka da bakinsa, ya janye duk abin da ya taɓa faɗa, yana roƙon iyalinka su yafe masa a madadinka. Sannan ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a, ya daɗe yana yi, hawaye na bin gemunsa. Da zai tafi na bi shi, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya juyo ba, ya ce ni da shi sai wata rana. Bai ce ya yafe mini ba, kuma yana da gaskiya.

Yaya, da na yi wannan tafiyar wata guda kafin yau, da ka ga mutumin nan ya shigo rumfarka da idonka. Ni na hana ka wannan, kuma babu sifanar da za ta kwance shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya sa jinyar da ka yi ta zama kankarar zunubi, Ya sa haƙurin da ka yi da mu ka tarar da shi a mizani. Yadda ka rufa wa wani asiri a duniya alhali kana da ikon tonawa, Allah Ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai Shi, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwar 'ya'yanka, wadda ta ɗauki abin da ba kowa zai iya ɗauka ba, da 'ya'yanka shida da suka tashi suna jin ana yi wa ubansu gori a kan abin da bai aikata ba, da jikokinka, da ƙannenka, da duk makanikan da suka koyi aiki a hannunka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a bayansa. Ina roƙon ku gafara, ba kuma zan ga laifin wanda ya kasa ba.

Ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, in ka taɓa jin an ce ɗaurin Ɗigo Biyu ya kwance ya karya mutum, ko kai da kanka ka taɓa faɗa, to ka gyara daga yau, ka kuma gaya wa wanda ka faɗa wa. A shekara arba'in da ya yi yana riƙe da sifana ban san noti ɗaya nasa da ya kwance ba. Waɗancan huɗun nawa ne. Allah Ya jiƙan Yaya, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.